Gurbin Yatsan Kaka

Duk wanda ya san Kawu Mai Agogo ya san ranar da ya ɗaga gwangwanin man ƙyallin katako zai jefi ƙanensa, murfin ya buɗe, ya yi wa kansa wanka daga hula har takalmi. Kwana uku gemunsa yana walƙiya.

Shekara talatin ya yi yana gyaran agogo ba a ji muryarsa a waje ba. Da ya rufe shagon ya daina aiki sai ya sauko da bindigar tokar kakansu daga bayan akwati, tsatsa ta cinye ta. Wata bakwai yana kanta da tsumma da kananzir. Magagari kuwa bai yarda ya kusance ta ba. Ya kwance kunamar, ya jera ƙusoshinta a faranti, ya nemo dutsen ƙyastu ya ɗaura. Saura ƙotar, wadda ta tsage a gindi. Ita ya kai wa autansu, Kafinta, ya ce a manne tsagar kawai.

To, a jikin ƙotar akwai wani ɗan gurbi, baƙi, sumul, inda babban yatsan kakan ya shekara arba'in yana kwanciya. Kafinta ya ɗauka lahani ne. Ya goge shi tas, ya shafe da mai, ya kawo yana murmushi.

"Yaya, har wani rami na gyara maka, kyauta."

"Kyauta? Ka share kakanka da takardar guga ka ce kyauta! Wa ya aike ka? Hotonsa muke da shi ko rigarsa? Abu ɗaya mutumin nan ya bar mana, kai ka mayar da shi ƙafar kujera!"

Nan gwangwanin ya shigo zancen.

Bai sake gaisawa da Kafinta ba. Ya kankare man daga ƙotar, kuma kullum bayan azahar yana zama a baranda, bindiga a cinya, yana murza wurin da yatsansa yana ƙwafa.

Rannan matarsa ta leƙo daga ɗaki. "Malam, shekara arba'in fa Kaka ya yi kafin gurbin nan ya fito. Ko in kawo maka man ƙyalli ka ƙara a gemu?"

Bai ɗago ba. "Shi Kaka yana da gona da farauta, ni ba ni da aikin da ya wuce wannan. Ki aika wa shashashan nan ya riƙa shan maganinsa. Kada ya kuskura ya mutu ban nuna masa gurbin ya dawo ba."