Mita Casa'in da Noelene Ta Zubar

Noelene Febey motar ɗaga kaya take tuƙawa a wani rumbun dankali a gabar arewacin Tasmaniya. Shekararta arba'in da uku, 'ya'ya biyu, miji kullum yana teku wajen kamun kifi. Lokacinta na kanta a yini rabin awa ne tak, hutun cin abinci. Abokan aiki na zaune da shayi, ita kuwa ta ja keke zuwa tudun bayan rumbu, ta sa giyar keken mafi nauyi, ta tsaya cik, ta fizga da iya ƙarfinta daƙiƙa goma sha biyar. Sau biyar, wata rana har da amai. Talata da Juma'a ƙarfe take saɓawa a kafaɗa, ta tsuguna ta miƙe har cinyoyi su ɗauki rawa. Shekara uku tana wannan azaba.

Duk saboda tseren keke na bikin Kirsimeti a filin garinsu. A tseren nan ba a tashi daga layi ɗaya. Tsoho Clyde, mai rabon tazara, shi ke duba yadda kowa ya yi a watannin baya, ya tura mai rauni gaba, ya ja gwani baya. Noelene tazarar mita ɗari biyu da goma take da ita a gaba, kuma bana ta san daga nan babu mai kamo ta.

Kawunta Des, tsohon ɗan tsere, ya ja mata kunne. "Ke, Nuwamba watan lafewa ne. Kowa ɓoye ƙafarsa yake yi. Ki zo ta biyar, ki yi ta haki a gaban Clyde."

Ta yi haka sau biyu a tseren da ake yi duk Alhamis, tana haɗiye takaici. A ta uku, wata yarinya mai keke sabo fil ta gifta ta, ta ce, "Gwaggo, matsa mana, ko a kawo miki kujera?" Ai kuwa idon Noelene ya rufe. Ta miƙe kan feda, ta wuce yarinyar, ta wuce kowa da kowa, ta ba su tsawon keke shida. Tana tsallake layi ta hango Clyde yana lasar fensir.

Da jerin sunaye ya fito, mita ɗari da ashirin aka ba ta. Ta same shi a rumfarsa.

"Clyde, ka san dukkansu ƙarya suke maka! Ni da na nuna gaskiya sau ɗaya, ni za ka yanka?"

"Abin da ido ya gani nake rubutawa, 'yar nan."

Des kuwa cewa ya yi kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kwana huɗu ba ta kula shi ba.

Ranar biki rana ta take, fili ya cika. Aka harba bindigar tashi. Kai, Noelene ta yi gudu! Ɗaya bayan ɗaya take cinye su, haƙora a cije. Tseren share fage ne, uku ake ɗauka zuwa tseren ƙarshe, ta zo ta huɗu da faɗin taya. Wadda ta zo ta ɗaya kuwa, munafukar, duk Nuwamba a ƙarshe take jan jiki tana dafe ƙirji.

Noelene na durƙushe kan ciyawa, numfashi ya ƙi dawowa, sai ga Clyde da fara'arsa, ya miƙo hannu.

"Daga ɗari da ashirin kika yi wannan? Ashe ma na yi miki sassauci. Baɗi daga tamanin za ki tashi."