Rabin da Na Yanka wa Ƙanena

Ni ne masanin gidanmu. Na yi aji shida na firamare cif, har da wata uku a sakandare, kafin mahaifinmu ya ce tumatir ba ya jiran jarrabawa. Da wannan ilimi mai nauyi na zauna a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ina karanta wa mutane rubutun jikin buhun taki, inda ban gane ba in cike da kaurin murya. In za a raba gona kuwa, ni ake kira in zo da igiya.

Aikin ba wuya. Tun da aka haƙa kanal aka yanka filayen noman rani, kusan kowace gona kusurwa huɗu ce, kamar tabarma. Ka miƙa igiya a gefe guda, ka ninka ta biyu, ka kafa turke. Ka koma ɗaya gefen ka yi haka. Ka ja layi daga turke zuwa turke, shi ke nan, rabi da rabi. Na yi wa gidaje da dama, ba wanda ya taɓa kai ni gaban dagaci.

Sai dai tamu gonar ba tabarma ba ce. A inda kanal ya karkata take, ragowar fili, doguwa mai kusurwa uku kamar alwatikar wando. Kanal ya bi gefe ɗaya, magudanar ruwa ta bi ɗaya gefen, suka haɗu a can sama a wani siririn tsini, inda ƙofar ruwa take. Gindinta mai faɗi yana kan hanyar da motocin kwandunan tumatir ke bi.

Mahaifinmu ya rasu ba da daɗewa ba bayan shekara ta dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa hannun dillalan tumatir. Mu biyu ya bari, ni da ƙanena. Bayan sadakar arba'in muka fita gona da dattawa biyu don shaida. Al'adarmu kuwa, babba ya raba, ƙarami ya zaɓa.

Na yi abin da na saba. Na auna gefen kanal daga tsini zuwa hanya, na ninka igiya, na kafa turke. Na auna gefen magudana, na ninka, na kafa. Na ja layi a tsakani, na yanke gonar a ƙugu. Sama tsini, ƙasa gindi.

Ƙanena ya tsaya yana kallo, ya ce, "Yaya, ni fa sai na ga kamar ta sama ta rame."

Na ce, "Idonka ne ya rame. Taka ka ji. Tsawon ɗaya ne ko ba ɗaya ba?"

Ya taka gefen kanal, ya ƙirga. Daga tsini zuwa turke, daga turke zuwa hanya, taku ɗaya ne.

Ɗaya dattijon ya ce ai ko ta sama ta ɗan gaza, ita ke fara shan ruwa, abin ya rama. A lokacin kachalla ta fara cinye kanal, wannan doguwar ciyawa da ke tare ruwa, masu gonakin ƙasa sai su yini suna jiran ruwa. Ƙanena ya dubi ƙofar ruwa, ya dube ni, ya ce ya ɗauki sama. Aka yi fatiha. Na naɗe igiyata ina jin kaina kamar alƙalin alƙalai.

Damina ta farko muka yi shinkafa. Na ɗaure buhu goma sha biyu, shi huɗu. Na ce rashin sa'a ne. Rani muka yi tumatir, in na cika kwando uku shi ɗaya. Daga nan na buɗe masa makaranta a majalisar ƙofar masallaci. In ya zo wucewa sai in gyara zama in ce, "Jama'a, ku ba shi wuri, ga babban manomi. Ruwa a bakin gonarsa, amma shinkafarsa azumi take yi."

Sai a yi dariya. Shi ma yakan yi, ya ce, "Yaya, gonar nan fa ba ta kai taka ba."

In ce, "Wa ya zaɓa?"

Ya ce, "Ni."

In ce, "To, wa ya yi makaranta?"

Shi bai shiga boko ba, lokacin da nake aji yana bayan shanun huɗa.

Shekara biyar muka yi a haka. Sunan rago ya bi shi har cikin gidansa. Abin da yake samu bai riƙe shi da matarsa da 'ya'yansa mata uku ba, sai ya shiga ƙwadago. Da safe ya yi tasa, da rana ya goya tankin feshi a gonakin mutane, ko ya shiga kanal har ƙirji yana saran kachalla. Ya fara fitsarin jini, abin da ba wanda ya ɗauka ciwo a wajenmu. Daga baya ciki ya soma kumbura, wuya yana sirancewa. Ni kuwa na ce tumbin hutu ne. Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Wadda ta kwance ni ba ta taɓa zama a aji ba. Wata la'asar ina tsakar gida ina ba matata labarin yadda na raba gonar, karo na ban san adadi ba, tana shirin zuwa barka. Ɗankwalinta na kan cinya, ta riga ta ninka shi kusurwa uku. Ta ce, "Malam, kamar haka gonar take?"

Na ce haka take, sai dai ta fi tsawo.

Ta ce, "Kuma a nan ka yanke?" Ta kama tsinin ɗankwalin ta ninko shi ƙasa har ya taɓa gindin.

Na ce, "Daidai. Ashe kina gane karatu."

Ta sunkuya tana duban cinyarta. Ni ma na duba. Tsinin da ta ninko ya kwanta a tsakiyar gindin, ya rufe daidai girmansa. A damansa ga wani yanki irinsa a buɗe, a hagunsa ga wani. Ta sa yatsa tana taɓawa. "Wannan na ƙarƙashi naka. Wannan naka. Wannan ma naka. Wannan ɗayan na sama shi ne nasa."

Na ce zane daban, ƙasa daban. Ta ɗaura ɗankwalinta ta fita.

Na fita bayan gida na zana gonar a ƙasa da tsinke, doguwa, karkatacciya, yadda take. Na yanke ta a ƙugu, na haɗa turakun da tsakiyar gindi. Huɗu suka fito, kowane kamar ɗan'uwansa. Na share na sake zanawa da wata siffa. Huɗu. Sai ga muryar malaminmu na aji shida ta dawo mini, yana buga allo yana cewa rabin gindi sau tsayi. Bulalar na riƙe, maganar ban riƙe ba. Da na ja igiya daga tsini zuwa tsakiyar gindi, da kowa ya samu gindi daidai da na ɗan'uwansa, tsayi ɗaya, kuma kowa da bakinsa a ƙofar ruwa. Buhu huɗunsa da goma sha biyuna, ashe ba lalaci ba ne. Kadada da kadada, daidai muke nomawa, shi kuma da ciwo a jiki.

To, a nan ne ya kamata in ce na ruga gidansa. Ban ruga ba. Na riga na yi dashe, shinkafa ta kama, ta yi kore shar. Na ce bari a girbe. Gaskiyar kuma, ba shinkafar kaɗai nake ji ba. Majalisa nake ji, yadda zan tsaya a gaban mutanen da na koya wa dariya in ce musu igiyar malam ta yi ɓatan kai.

Na je duba shi sau uku a daminar nan. Yana kwance a zaure a kan tabarma, ciki kamar tulu. Ran nan ya ce, "Yaya, ka sa a duba mini 'yar gonar nan, kar ciyawa ta cinye, a ce ragon ya ƙara."

Na ce, "Kwanta ka huta, akwai maganar da za mu yi in an girbe."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Saura kamar mako biyu a fara yanka ya rasu, ranar Talata da hantsi.

Bayan matarsa ta fita takaba na kira dattijon da ya rage cikin shaidun nan biyu, da liman, da ita. Na cire tsofaffin turakun. Na auna gindin gonar a bakin hanya, na ninka igiya, na kafa turke ɗaya tak. Na sa aka riƙe mini ɗaya bakin a ƙofar ruwa, na ja. Na faɗi abin da na yi da bakina, ban rage ba, har da daminar da na yi shiru. Na ce ta zaɓa, nata da na 'ya'yanta.

Dattijon ya ce ai kuskure ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ita ba ta ce amin ba. Ta dubi sabon layin tun daga ƙofar ruwa har hanya, ta ce, "Yaya, shi ka gaya masa?"

Na ce a'a.

Ta nuna ɓangaren kanal da hannu, ta ja mayafinta ta kama hanyar gida.

Har yanzu ana kirana rabon gona, don ba a samu wani masanin ba. In mai kusurwa huɗu ce, ina zuwa da igiyata. In mai uku ce, nakan ce a fara kawo ɗankwali, a kuma kira ƙaramin ya zauna kusa, ya gani da idonsa.