Gyaɗa Biyu a Bauranya

Ko zan manta komai na aikin da na yi a ƙauyukan Kankia da Kusada, ban da ranar nan ta Bauranya. An ɗauke mu mu bi gida-gida muna tambayar mutane: daga ɗaya zuwa goma, farin cikinsu ya kai nawa? Na yi mako guda ina yawo, kowa na tambaya sai ya ce, "Alhamdulillahi, goma." Har wanda na tarar kwance ba lafiya goma ya ba ni.

Da na kai takardun, shugabanmu ya watso mini su. Wai a gindin bishiya na zauna na cike su da kaina, in na sake kawo irinsu in nemi wani aikin. Raina ya ɓaci matuƙa. Korar ba ta dame ni kamar a ce mini maƙaryaciya ba, na kuwa rantse sai na wanke kaina.

Washegari na koma Bauranya, na sami wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa. Na yi tambayata, ta ce goma. Na ce, "Inna, don Allah, da gaske?"

Ta dube ni. "Ɗiyata, mi kike so in ce? Na ci, na sha, in ce ma Allah ukku?"

Ashe ni ce sakarya. Ina tambayar zuciya, su suna jin godiyarsu ga Ubangiji ake aunawa.

Na ƙirgo gyaɗa goma na jera gabanta. Na ce, "Godiya mun yi, Inna, ba a taɓa ta. Waɗannan kwana goman da suka wuce ne. Ware mini waɗanda kika tashi zuciyarki wasai."

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta tura biyu gefe. Ta ce ɗanta ya tafi neman aiki kudu tun bara, kwana biyun nan su ne ya bugo waya. Na rubuta biyu, idona cike da ƙwalla.

Na tsaya kai da fata sai da shugaban ya biyo ni ya gani da idonsa. Bai kore ni ba, tambayar aka sauya wa kowa.

Tun daga nan na koyi cewa in amsa ta zo iri ɗaya daga bakin kowa, kada in zargi mutane. In koma in duba abin da na tambaye su.