Shekarar da Kawu ya zuba wa hadari gishiri

Ba a daɗe da kawo shari'a ba damina ta yi mana rowa a ƙauyenmu, gabas da Zango. A da, tsofaffin mata kan saka rigunan maza su zaga gari da kiɗan ƙwarya suna roƙon ruwa. Malamai suka ce bidi'a ce, aka bari. Sau biyu muna fita filin Idi sallar roƙon ruwa. Hadari ya taso, ya leƙa mu, ya wuce Nijar abinsa.

Inna ta riga ta yi binne, ta zuba irin geronta a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Shi ne iri na ƙarshe a gidan, kuma tun rasuwar Baba gonar nan ce abincinmu.

Sai ga Kawu, ƙanen Inna, mutumin da ko bayan gida zai zaga da rediyonsa yake tafiya. Wai ya ji a ƙasar Larabawa jirgi ke hawa sama ya watsa wa gajimare gishiri, ruwa ya sauko.

"Yaya, abin fa ilimi ne," in ji shi. "Jirgi kawai muka rasa. Hayaƙi kuwa ai sama yake zuwa."

Inna ta ce, "Allah ya shirye ka. Hadarin miya ne?"

Duk da haka ya kwashe gishirinmu kaf, ya hau tudun bayan gari, ya hura wuta da kara da tsohuwar taya, ya juye gishirin a ciki. Gishiri na ta fashewa tas-tas, wari ya cika gari, har awaki tari suke yi. Abin haushi, da la'asar sai ga yayyafi! Kawu ya zaga gari da baƙin fuska kamar gindin tukunya, yana faɗa wa kowa, har Liman, cewa aikinsa ne.

Ni na sha dariya. Inna kuwa gona ta tafi, ta cusa yatsa a ƙasa. Damshin ya kai ga iri ya tsaya, ƙasansa ƙura ce. Kwana uku gero ya tsiro, rana ta buɗe, ta ƙone shi ƙurmus.

Duk wanda ya yi binne ya nufo Kawu. Nan take ya zama malami: "Haba jama'a, ruwa ai na Allah ne!"

Liman ya ce, "Ran nan ba haka ka ce ba."

Na san ba gishirinsa ba ne, Inna ma ta sani. Amma na gan shi tsugune a gonarmu da matattun tsiro a tafin hannunsa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ran kasuwar Zango ya fita da rediyo a kafaɗa, ya dawo da ƙullin irin gero a maimakonsa. Ya ajiye gaban Inna.

Ta daɗe tana kallon kafaɗarsa. Sannan ta tura masa kwanon tuwo ta ce, "Ci. Miyar dai babu gishiri."