Ƙeyar Mato

Shekara goma sha tara muna ɗaki ɗaya da Mato a unguwar Ammariyya ta Jidda, ni ina ɗinki, shi yana tuƙi. Mutumin Tawa ta Nijar ne, dogo, siriri, ga kafiya. In Mato ya ce a'a, to ka ajiye bakinka ka sha shayi.

Abin da ya fi kafewa a kai shi ne hoto. Tun yana yaro malaminsu ya ce masa hoton fuska haramun ne, shi ke nan ya riƙe. Na iƙama, wato katin izinin zama, kawai ya yarda da shi, wai lalura ce. Sai Allah ya haɗa shi da Wejdan, 'yar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wadda ba ta da sana'a sai ɗaukar hoto. Ba na biki ba fa, na duwatsu. Shi ke kai ta Wadin Disa can wajen Tabuk, tafiyar yini guda, wani kwazazzabo mai jan dutse wanda Mato ya ce in ka ɗaga kai ka ga ƙarshensa sai hularka ta faɗi.

Wejdan ta ce girman wurin ba ya fitowa a hoto sai an tsayar da mutum a ciki. Suka daidaita: zai tsaya, amma daga nesa, kuma ƙeyarsa za ta ɗauka. Shekara tara ana haka. Ta ce, "Yalla, Ammi Mato," ya taka ya tafi can bakin dutse da farar jallabiyarsa, ya juya baya.

Na sha ce masa, "Kai Mato, ƙeya ba jikinka ba ce?"

Ya ce, "Mala'iku fuska suke dubawa. Yi ɗinkinka."

'Yarsa ɗaya, Hadjara. Rabonsa da gida tun tana shekara huɗu, kullum sai baɗi. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, duk a waya. In ta kira da bidiyo ya kife wayar a kan tabarma su yi ta hira, ita tana kallon duhu. Wallahi abin yana ba ni haushi, na kuma gaya masa.

Bara da azumi zuciyarsa ta tsaya bayan la'asar. Muka binne shi a nan Jidda. Bayan kwana uku Hadjara ta kira ni.

"Baba Shafi'u, abu ɗaya nake roƙo. Ka turo mini fuskarsa in gani. Na manta ta."

Iƙamar, hukuma ta karɓe ta tare da takardun mutuwa. Kwafin da ke gidan kafili kuwa, inji ya cinye fuskar, baƙi ƙirin. Na tafi unguwar Bagdadiyya ofishin Wejdan. Ta buɗe kwamfuta, hotuna sun fi dubu, Mato na cikin fiye da rabi, duk ƙeya.

Na ce, "Ko sau ɗaya bai taɓa waiwayowa ba?"

Ta ce ya sha waiwayowa, in iska ta ɗauke masa hula ko in ya gaji da tsayuwa. "Amma na yi masa alkawari. A wurin nake gogewa, yana kallo." Sai ta fashe da kuka. Na zo da faɗa a bakina, na rasa wanda zan yi wa.

Ta zaɓi wanda ya fi kyau, na tura. Jan dutse har sama, rana ta kusa faɗuwa, shi kuma can ƙasa kamar ƙwayar shinkafa.

Da saƙon muryar Hadjara ya shigo, a hankali take magana.

"Baba Shafi'u, farin nan na gefen hagu, shi ne ko dutse ne?"

Na sa tabarau na duba. Shekara goma sha tara ina kwana kusa da mutumin nan, amma sai da na kira Wejdan na tambaye ta.