Mai Askin da Aka Hana Hira

Yayana mai aski ne, amma duk unguwa Rediyo ake ce masa, don bakinsa ba ya hutu. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai benci mai ƙafa ɗaya a kan bulo. Mutum zai shigo da suma buya-buya, ya fita da kai fes da labarin gari kaf. Ni kaina in na kai masa abinci, sai na yi da gaske nake kuɓuta. Lokacin ina ƙorafi, yau kuwa surutun nan nake kewa.

Da ya samu aiki a ƙasar waje, a wani ƙaton shagon aski mai kujeru a jere, muka sha murna. Can ta waya ake kama layi. Mutum ya zauna, ya nuna hoton askin da yake so, ya toshe kunnuwansa da waƙa, shi ke nan.

Yaya bai san haka ba. Da ɗan yarensu da ya tsinta, ya dinga tambayar kowa iyali da aiki da jikin tsofaffi. Wani da ya ga ya rame, har ya ce masa ko lafiya. Mutumin ya kai ƙara, wai ana yi masa shisshigi. Mai shagon ta ja Yaya gefe cikin ladabi, ta ce a aski ba shi da na biyu, amma in yana son aikin ya riƙa barin bakinsa a gida.

"Auta," ya ce mini a waya, "kan mutum fa a hannuna, in ƙi tambayarsa ya ya kwana? Kan mutum ne ko kabewa?"

Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

Yana da 'ya'ya a makaranta, don haka ya kama bakinsa. Shekaru yana aski, ba ka jin komai sai kukan inji. Wayar da yake mana ma ta dinga gajarta, na ɗauka aiki ne ya yi masa yawa.

Da ya dawo ya sake buɗe shagon, tsohon telan layinmu ne ya fara zama, ina tsaye a bakin ƙofa. Yaya ya ɗaura masa ƙyalle, ya yi askin tsaf, ya kakkaɓe, bai ce uffan ba. Tela ya ƙi tashi, yana ta kallonsa ta madubi.

"Rediyo, in laifi na yi maka ka faɗa mini. Da girmana ba zan iya gaba da kai ba."

Yaya ya buɗe baki ya rufe, yana laluben magana kamar mai neman makulli a aljihu.

"Baba Tela... ya iyali?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ta rasu bara. Tun da na zauna nake jira ka tambaye ni."