Ni da Tiren Wake a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Jiya da azahar ina cikin ɗinki, masu fasa dutse suka tayar da nakiya. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin keke ba.

Satina biyu da tarewa a unguwar Mpape, Abuja. An daɗe da kai hari ƙauyenmu, har na ɗauka na warke. Ashe jikina bai samu labari ba.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu ta leƙo. Ba ta ce in fito ba. Zama ta yi a ƙasa da tiren wakenta, ta turo mini in taya ta tsinta.

Na ce, "Mama, ke ƙarar ba ta damun ki?"

Ta ce, "Ni nawa hayaƙin ciyawa ne, 'yata. In na ji warinsa, sai in ba hannu aiki har hankali ya dawo."

Sai da muka gama tiren sannan na fito. Yau tana jin jiniyar gargaɗin masu fasa dutsen, sai ga ta da wake.

Har yanzu ina mamakin wannan jiki namu. Ku me ke mayar da ku can, kuma me ke dawo da ku?